Gida Lafiya Lau

3 ga Maris

Goggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya fama da zannuwan asibiti? Ya kunnen? Ni nan lafiyata ƙalau. Baba ma lafiya lau, mun yi waya ranar Juma'a.

Na san za ki ce sai yau na tuna da ke. Wallahi ba haka ba ne. Zangon ƙarshe muke ciki, malaman nan kuma kamar sun haɗa baki a kanmu. Da safe aji, da rana ɗakin gwaji. Jiya na wuni ina leƙen jini a na'ura, da na ɗago kai sai na ga fuskar malaminmu ta koma ɗigo-ɗigo. Da kina jin waya da tuni na kira ki na zazzage miki ƙorafi na huta, amma tunda injinan wankinku sun cinye miki kunne, sai ki haƙura da rubutuna na tsutsa.

Kin tambaya ko masu tallafin karatu suna riƙe da ni har yanzu. Suna riƙe, alhamdulillahi. Makaranta, abinci, littattafai, har farar rigar ɗakin gwaji su suka ba ni. Matar da ke kula da mu a ofishinsu muna ce mata Mai Tabarau. Duk wata sai ta kira kowa ya zauna gabanta. Tana da butar shayi a kan akwatin takardu da kofi biyu rak, ɗaya bakinsa ya gutsure, kuma kullum shi take ɗauka. Sai ta zuba miki, ta tambaye ki karatu, ta tsaya tana kallonki ta saman tabarau. Kallon nan nata ya fi tambayar wuya.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar goma ga wata mai zuwa za a ba mu hutun mako uku, muna dawowa sai jarrabawar ƙarshe. Ana rufe ɗakunan kwana a lokacin hutu, amma masu tallafi suna barin bene ɗaya a buɗe, gado goma sha biyu, domin ɗaliban da gidajensu ba za su zaunu ba. Mai so sai ya cike fom. A ƙasan fom ɗin akwai tambaya guda, wai yaya gida yake, an bar mata layi biyar. Sannan wani babba a dangi ya rubuta takardar shaida.

Ina so in zauna, Goggo. Ɗakin gwaji zai kasance a buɗe, zan ƙara sabawa da aikin hannu. Na san wurinki ba zai yiwu ba, tafiyar kwana biyu ce kuma ɗakin ma'aikata ba a sauke baƙo. Me kike ganin zan rubuta a layukan nan biyar?

Ki gaida abokiyar ɗakinki mai minshari.

Taki,
Tsuntsuwa

7 ga Maris

Tsuntsuwa, 'yar nema,

Wa alaikis salam. Na ga takardarki, na karanta sau biyu, na uku abokiyar ɗakina ta ƙwace ta ga inda kika ce mata mai minshari. Ta ce in gaya miki Allah ya haɗa ki da miji mai irinsa. Ni lafiyata lau, ba abin da ke damuna. In kin ga rubutun ya karkace, biron ne ba shi da kirki.

Kina cin abinci kuwa? Ko har yanzu tsattsaga kike yi kamar ranar da na laƙaba miki sunan nan? Ai ba a leƙen jini da yunwa, kada wata rana ki faɗa cikin na'urar mutane.

Maganar fom. Saurara da kyau. Ni da ubanki a tsakar gida ɗaya muka tashi, ubana da ubansa ciki ɗaya suka fito, na goya shi a bayana kafin ya san kansa. Mutumin nan shekara ashirin yana tuƙin babbar mota ba wanda ya taɓa jin kansa da kowa. Hatsari ya raba shi da aikinsa, uwarki ta haɗa kayanta ta bar shi. Duk wannan bai ishe shi ba, sai kuma 'yarsa ta kwance masa zani a ofishin mutane? Takarda ba ta mantuwa, ɗiyata. Yau Mai Tabarau ce ke karantawa, gobe wani ne da ba ki sani ba, yana lasar yatsa yana buɗe sirrinku.

Kuma me ma za ki rubuta? Ke da hannunki kike rubuto min duk wata cewa lafiyarsa lau. Gidan da babu daula ai ba shi ne gidan da ba ya zaunuwa ba. Gadajen nan na marayu ne da waɗanda ba su da inda za su. Ke kina da uba, kina da ɗaki, kina da ƙofar da za ki ƙwanƙwasa a buɗe miki. Ki rubuta gida lafiya lau, ki tafi ki yi karatunki kusa da shi. Zai ji daɗi, ke kaɗai gare shi.

Haka aka tarbiyyantar da mu, haka ni ma na koya miki tun kina ƙarama, in an tambaye ki gida ki ce alhamdulillahi ki wuce. Ban ga ta inda ya cuce mu ba.

Ga safa biyu na sa miki a ambulan, ɗakin gwajin nan na ji an ce sanyi ne da shi.

Goggonki

20 ga Maris

Goggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Safa ta iso, na gode, ina sanye da ita yanzu haka. Ni lafiya. Baba ma

Na tsaya a nan na daɗe, Goggo. Ba zan ƙarasa layin ba, kuma ba zan yaga takardar in sake wata ba.

Na yi yadda kika ce. Na rubuta kalmomi uku a layuka biyar na miƙa. Mai Tabarau ta duba, ta dube ni, ta ce ko akwai abin da zan ƙara. Na ce babu. Shekaranjiya aka manna sunaye a jikin ƙofarta. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, ba nawa. Ban ga laifinsu ba, wanda gidansa yake lafiya lau me zai yi da gadon wani?

Laifina ne da ban taɓa gaya miki ba. Baba ba shi da lafiya. Maganin ciwon da aka ba shi bayan hatsarin bai daina sha ba, likita ya tsayar, shi ya ci gaba da nema a inda yake samu. Shekara huɗu ke nan. Akwai ranakun da yake Babana sak. Ya share gida, ya gyara wa maƙwabta rediyo, ya dafa min shayi yana kirana Likitar Baba. Akwai kuma ranakun da tsoro ke kama shi. In ya ga jaka a buɗe sai jikinsa ya ɗauki rawa, saboda haka ya tarar da jakar Umma ranar da ta tafi.

Kin tuna hutun da ya wuce na rubuto miki cewa zazzaɓi ya hana ni komawa makaranta a kan lokaci? Ba zazzaɓi ba ne. Ranar da zan tafi na haɗa kayana na shiga wanka. Ina fitowa na ga ya sa wa ƙofar gida kwaɗo ta ciki, wannan babban na bayan motarsa. Ya rataya makullin a wuya da igiya, ya ɗauke wayata, ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofar. Kwana tara, Goggo. Bai dake ni ba, bai ko ɗaga min murya ba, kada ki zaci haka. In zai fita sayen burodi sai ya mayar da kwaɗon ta waje. Ya dawo ya zauna yana ba ni labarin hanya, garuruwan da ya ratsa, gadar da ruwa ya taɓa cinyewa yana gab da hawa. Wani lokaci yana cikin labarin sai ya fashe da kuka ya ce in yi haƙuri, gobe zai buɗe. Ban yi ihu ba, domin in na yi maƙwabta za su ji. Rana ta tara ya buɗe da kansa, ya ɗauki jakata har tasha, bai yarda mun haɗa ido ba.

A wancan karon darasi kawai na rasa, na kwafa wurin ƙawaye. Wannan karon jarrabawar aikin hannu ce ranar farko da dawowa. Wanda bai shiga ɗakin gwaji ranar ba sai ya maimaita shekara, masu tallafi kuma ba sa ɗaukar nauyin shekarar maimaici. In kwaɗon nan ya sake rufuwa, shekara ukun da na yi sun tashi a banza, kuma ba ni da wata hanya bayan wannan.

Ina son Babana. Ina tsoron zuwa gida. Duka biyun gaskiya ne, ban san yadda ake sa su a fom ɗaya ba.

Mai Tabarau ta rubuta a ƙasan sunayen cewa wanda yake da magana yana da dama har huɗu ga wata mai zuwa, amma sai da takardar shaidar babba. Ba ni da babba sai ke. Na san abin da nake roƙo ya saɓa wa duk abin da kika koya min. In ba za ki iya ba, ki gaya min kawai.

Tsuntsuwa

31 ga Maris

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Da fatan kina lafiya.

Kwana goma sha ɗaya ke nan. Tun da na zo makarantar nan takardarki ba ta taɓa wuce mako ba. Kullum bayan aji sai na biya wurin mai raba wasiƙu, yanzu da ya hango ni yake girgiza kai tun kafin in ƙaraso.

Na gane, Goggo. Na sake karanta takardarki ta baya, inda kika ce ina da ƙofar da zan ƙwanƙwasa a buɗe min, ni kuma na zo na ɓata miki ƙofar da mai ita. Ƙaninki ne, kin goya shi. Ki yafe min. Ki ƙona waccan takardar, ki ɗauka ban rubuta ba. Zan tafi gida ranar goma. Zan bar jakata a wurin wata ƙawata in tafi da littattafai a leda, wataƙila in bai ga jaka ba hankalinsa zai kwanta.

Fushinki ya fi kwaɗon yi min ciwo. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko zagi ne.

Tsuntsuwa

3 ga Afrilu

Ɗiyata,

Wa alaikis salam. Ba ni da lafiya. Kin ga na fara da gaskiya, shekarata hamsin da bakwai ban taɓa buɗe takarda da wannan layin ba.

Ƙari ne a cikina, tun bara nake fama da shi ina ɗaure ciki da ɗankwali in tafi aiki. Ranar da na rubuta miki waccan takardar a kwance na rubuta, biro bai yi laifin komai ba. Kwana biyar bayan nan na yanke jiki na faɗi a gaban injin. An yi min aiki, an cire, sun ce ba mugu ba ne. Ina kwance a benen sama na asibitin da nake wa wanki, a kan zanin da ni na goge shi, har na gane ninkina. Na hana abokiyar ɗakina sanar da ke don kada in ɗaga miki hankali. Ita kuma sarkin hankali ta tara takardunki a ƙarƙashin matashina tana jiran in koma, sai jiya ta ga sun zama biyu ta kawo. Na karanta ta biyun kafin ta farkon. Kuka na yi har ɗinkin ya motsa, nas ta zo ta yi min faɗa.

Fushi? Eh na yi fushi, amma ba da ke ba. Kwana tara yarinya tana kulle ta ƙi yin ihu don kada maƙwabta su ji. Wa ya koya miki wannan in ba ni ba? Ke kina rubuto min lafiya lau, ni ina rubuto miki lafiya lau, mun zauna muna yi wa juna ƙarya da ladabi, ubanki kuma yana can yana nutsewa ba mai miƙa masa hannu.

Abin haushin, a wurin aiki na fi kowa sanin wannan. Masu gyaran gado in zani ya ɓaci sai su ninke shi tabon a ciki, don kunya. Duk sabuwar ma'aikaciya abin da nake fara koya mata ke nan, ki warware kowane zani ki duba kafin ki jefa a inji, domin in ruwan zafi ya dafa tabon ba ya ƙara fita. Shekara talatin ina faɗar wannan ga 'ya'yan mutane, ban taɓa kawo shi gidanmu ba.

Ga takardar shaida a ciki. Na bar ta a buɗe ki karanta, amma bari in kwafa miki a nan ko da za ki ji tsoron buɗewa:

"Zuwa ga shugabar ofishin tallafi. Ni ce goggon wannan yarinya, 'yar baffan mahaifinta. Abin da ta rubuta a fom ni na sa ta, kuma ba gaskiya ba ne. Mahaifinta mutumin kirki ne da ciwo ya kama, magani ya fi ƙarfinsa. A hutun da ya wuce ya kulle ta a gida kwana tara saboda tsoron kada ta tafi ta bar shi. In ta koma yanzu zai iya sakewa. Ina roƙon a ba ta wurin kwana. In akwai hukuncin ƙarya, ni za a yi wa."

Na san gobe ne huɗu ga wata, kuma takardar nan ba za ta iso ba sai bayan kwana uku ko huɗu. Duk da haka ki kai. Kada ki tura ta ƙarƙashin ƙofa ki gudu, na san halinki. Ki shiga, ki zauna, ki sha shayin, ki faɗa da bakinki. In ta ce lokaci ya wuce, ki tambaye ta me za ki yi, ai aikinta ke nan. Gida dai ba za ki je ba, ko a leda ko a jaka. Ubanki ki bar min shi.

Goggonki mai laifi

12 ga Afrilu

Goggona,

Assalamu alaikum. Ya jikin? Ya ɗinkin? Kina iya tashi da kanki? Ki amsa min ɗaya bayan ɗaya, ban yarda da amsar dunƙule ba. Ni kaina yana ciwo saboda karatu, kuma na rame kaɗan. Sauran lafiya.

Wato ɗankwali kika mayar likita. Allah ya shirye ki, Goggo. Ina koyon aikin asibiti, ke kina aiki a cikin asibiti, amma ƙari ya shekara a cikinki ba wanda ya sani. In na gama ni zan riƙa ɗibar jininki da kaina, kuma ba zan yi a hankali ba.

Takardarki ta iso ranar bakwai. Na zagaya ofishin sau uku kafin in shiga. Mai Tabarau ta zuba shayi, na miƙa mata takardar, ta ajiye a gefe ba ta buɗe ba, ta ce in fara faɗa. Na faɗa. Tun daga maganin har benci har tasha. Sai da na gama sannan ta karanta taki, ta cire tabarau ta goge, karo na farko da na ga idonta tsirara.

Ta ce tun dawowata daga wancan hutun ta san ba zazzaɓi ba ne, domin wanda ya yi zazzaɓin kwana tara ba ya firgita in an turo ƙofa. Amma ba ta da ikon ba ɗalibi gado a kan zato, kuma ba ta tilasta wa kowa buɗe gidansa. Sai ta ce gadaje goma sha biyun sun cika. Ta jawo aljihun tebur ta fito da makulli ɗaure da jan zare, ta ce:

"Duk shekara ina da mai lafiya lau guda ɗaya. Shi ya sa ba na ba da wannan sai ranar ƙarshe."

Wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, inda suke tara katifu. An kwashe katifun an bar min ɗaya, da tebur mai gajeriyar ƙafa da na tokare da tsohon littafi. Taga ƙarama ce, tana kallon wurin shanya. In wani ya hau bene sai in ji kamar a kaina yake taku. Ban taɓa samun ɗakin da na so kamarsa ba. Ɗakin gwaji yana buɗe daga takwas zuwa huɗu, mu goma sha uku muke zuwa, kuma ba mai tambayar wani me ya hana shi tafiya gida.

Ta kuma rubuta min irin sashen asibitin da ke taimaka wa masu fama da irin lalurar Baba, ta ce kusan kowane babban asibiti yana da shi, kuma ba a ɗaure kowa a can. Ga takardar na sa miki. Ta ce takardar shaidarki a akwati mai makulli za ta zauna, ranar da na gama karatu a ba ni in yi yadda na so da ita.

Saura mai wuyar. Na kira Baba jiya da rana na gaya masa ba zan zo ba sai bayan jarrabawa. Ban ce masa aiki ne ya riƙe ni ba. Na ce masa saboda kwaɗon ne. Sai ya tambaya ko ina samun abinci, na ce ina samu. Ya ce, "Ke ma kin tafi ke nan." Ya kashe wayar. Na sake kira sau biyar bai ɗauka ba.

Na samu gado, Goggo, amma ina tsoron na rasa uba. Kada ki yi tafiya sai likita ya yarda.

Taki,
Tsuntsuwa

19 ga Mayu

Tsuntsuwa, Likitar Babanta,

Wa alaikis salam. Bari in amsa ɗaya bayan ɗaya tunda na zama mai laifi a gaban alƙali. Ɗinki ya warke, yana ƙaiƙayi. Ina tashi da kaina, sunkuyawa ce ba na iyawa. Kunne yana nan yadda kika san shi. Ubanki ba shi da lafiya, amma ya fi yadda na same shi.

Takardarki mai layi uku ta biyo ni har nan, abokiyar ɗakina ta turo ta, wannan karon ba ta sa a ƙarƙashin matashi ba. Kin shiga ɗakin gwaji ranar farko, kin fito, an manna sakamako kin ci. Layi uku kacal, marowaciya. Na yi guɗa a tsakar gidan nan har maƙwabciya ta leƙo ta katanga, na gaya mata dalili, na ƙara mata da abin da ba ta tambaya ba. Ki gaida min Mai Tabarau, ki ce mata wata tsohuwa mai wanki tana sa ta a addu'a ita da masu ɗaukar nauyinku.

Mako uku ke nan ina gidanku, hutun jinya suka ba ni. Ranar da na iso na tarar da shi a kan bencin nan, ƙofa a buɗe, makullin a wuyansa. Ya ce min lafiya lau yake. Na ce ƙarya kake, ni ma ƙarya nake yi, ga inda tawa ta kai ni, na nuna masa inda aka yanka. Mun yi faɗa irin wanda ba mu yi ba tun muna yara. Kwana biyu bai yi min magana ba, rana ta uku ya sa takalmi ya ce ina ne asibitin. Mun je sau huɗu. Jikinsa yana karkarwa, abinci ba ya zama, wata rana ya zage ni ya zagi likitan. Sun ce hanya ce mai tsawo, kuma ana iya komawa baya. Ba zan ce miki ya warke ba.

Da na karanta masa layukanki uku, ya sa na maimaita. Sai ya tashi ya shiga ɗaki, na ji yana ta buruntu. Ya fito ya ajiye min wannan abin da kika ji ya yi wa ƙunshin nan nauyi. Ya ciro igiyar daga wuyansa ya ɗora a kai. Ya ce in gaya miki kunya ce ta hana shi ɗaukar waya, ba fushi ba. Ya ce kwaɗo ne mai kyau, shekara ashirin yana tsare masa kayan mutane a hanya, ki sa a akwatinki kada a ɗauke miki takardar shaidar gama karatu.

Makulli ɗaya gare shi, na duba, kuma yanzu yana hannunki.

Ki zo ran da kika shirya, ina nan har ƙarshen wata. Ki zo da jakarki.

Goggonki